Wa zai biya mu diyya idan kamfanin saka jari ya rushe da kudinmu?

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kana lafiya kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Dan Allah ka dan bani fili in amayar da wani abu da ya dade yana cina a rai, wanda rushewar CBEX, wani dandalin zuba kudi na intanet, a watan Afrilun 2025 ta sake tado min da shi sabo fil. A satin da abin ya faru in ka shiga Samaru ko Kongo ba zancen da ake sai wane ya zuba dubu dari biyar, wance ta sai da sarkarta ta saka, dalibi ya jefa kudin rajista, kuma kowa tambayarsa daya ce, wai gwamnati zata biya mu?

Amsar akwai daci amma gara a fada. Duk wanda ya kai kudinsa inda ba shi da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ba wani asusun diyya da ya san da zamansa. Haka akayi da MMM, wani tsarin zuba kudi makamancinsa, a Disambar 2016, haka akayi da CBEX. Sai dai a jira abinda EFCC ta iya kwatowa. Amma ni ba ma su ne suka sa na dauki waya nake rubutu ba, damuwata mutanen da suka bi ka'ida tun daga farko har karshe kuma duk da haka aka cinye musu gumi.

Mahaifina, Allah ya jikansa, malamin firamare ne, shekara talatin da biyar yana rike da alli. Da ya karbi giratutinsa ana tsakiyar zazzabin hannun jarin bankuna, lokacin nan bayan Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin biliyan 25, rediyo da talabijin ko ina talla ake ka sayi shiya ka zama mai banki. Baba ba mutum ne mai son banza ba, kuma baya son ajiyar da ake dora mata kudin ruwa, shi yasa ya zabi hannun jari. Ya hau mota a Kwangila ya tafi Kaduna takanas, ya samu wani kamfanin dillalan shiya mai ofis da rajista da komai, suka cika masa fom suka bashi rasit mai sitamfi, ya dawo ya adana a wata jakar fata da har yau tana nan a dakin Inna. Da kasuwa ta fadi a 2008 ko a jikinsa, cewa yayi ai kasuwa ce, yau riba gobe faduwa. Abinda ya karya shi daban ne. Da auren kanwata ya taso ya je don a sayar masa da wani kaso a yi kayan daki, ya tarar da ofis a garkame da kwado, mai gadin wajen yace ai sun kwana biyu da tashi. Da kyar da taimakon wani tsohon dalibinsa aka ciro bayanan asusunsa, sai ga shi an dade da sayar da shiyar tasa, ba da saninsa ba, ba da sa hannunsa ba.

Na tuna nace masa, Baba ko mu nemi lauya ne? Yace kai dai bari, da wane kudin, na bar su da Allah. Haka ya rasu bai taba jin cewa akwai wani asusu da doka ta tanada saboda irinsa ba. Ni ma sai bayan shekaru na sani, kuma wallahi ranar da na sani sai da nayi hawaye.

Don dokar zuba jari ta 2007 ta wajabta wa kasuwar hannun jari ta ajiye asusun kare masu saka jari, wanda zai biya mutum idan dillalinsa ya karye, ko yayi sakaci, ko ma'aikacinsa ya ci amanar kudin da aka damka masa. A 2015 asusun kasuwar shiya ta Legas ya amince da biyan mutum 158 kudi kimanin naira miliyan 42, kuma iyakar abinda mutum daya zai samu a lokacin dubu 400 ne. A shekarar dai SEC ta kaddamar da nata asusun na kasa da naira biliyan 5, don wadanda asarar su ta fito daga sauran kamfanoni masu rajista da ba dillalan kasuwar ba, iyakar biyan shi kuma dubu 200. A lura fa, ba a biyan mutum don farashin shiyarsa ya fadi, wannan kasada ce ta kasuwa kowa ya dauki tasa. Cin amana da rushewar kamfanin da ke rike maka dukiya, shi ake biya.

To Edita mutum 158 a kasa irin Najeriya? Ina da yakinin a Tudun Wada da Sabon Gari kadai za a samu tsofaffin ma'aikatan reluwe da na jami'a da malaman makaranta masu irin jakar Baba da suka kusa haka. Ba wai basu cancanta bane, ba wanda ya gaya musu ne. Sanarwar da turanci ake yinta, a jaridun Legas, a shafukan kudi da dan Kofar Doka baya ko kallo.

Sai maganar adadin. A 2015 litar man fetur naira 87 ce, dubu 200 zata sai maka lita sama da 2,000, dala kuma bata kai 200 ba a farashin gwamnati. Yanzu kowa ya san inda muke. Wanda aka cinye wa miliyan biyar na giratuti a mika masa dubu 200 a yau, ko kudin maganin hawan jinin da abin ya jawo masa ba lallai ya isa ba.

Abinda ke kara bani takaici shi ne mun ga ana iya gyarawa in an so. Hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki a 2024 ta daga nata daga dubu 500 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, na maikurofainans daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Ba a jima ba aka soke lasisin bankin Heritage a ranar 3 ga Yunin 2024, kuma mutane da yawa suna zaune a gida suka ji alat ya shigo dayan akawun dinsu, da BVN aka nemo su. Kaga an san hanyar kenan. Me ya hana a yi wa mai hannun jari haka, alhali shi ma yana da BVN, yana da lambar CHN, wato lambar shaidarsa ta mai hannun jari, a wajen CSCS inda ake ajiye bayanan shiyar kowa? A Ingila tsarinsu na FSCS yana biyan mai saka jari har fam 85,000 idan kamfani mai lasisi ya rushe, a Amurka SIPC da aka kafa tun 1970 tana rufe har dala 500,000, kuma kamfanonin ne da kansu ke zuba kudin asusun, ba harajin talaka ba. Ban ce mu kamo su yau ba, amma tazarar tayi yawa.

Kuma akwai wani abu da su na Abuja ya kamata su gane game da mu a nan Arewa. Da yawan mutanenmu gudun riba suke, ba zasu bar kudi a banki ana dora musu ruwa ba, so suke a juya a raba riba ta halal. Shi yasa da gwamnati ta fito da sukuk, wato takardar saka jari mara kudin ruwa, na biliyan 100 a 2017 mutane suka yi murna. Amma wannan son halal din shi ne kofar da mayaudara ke shigowa, mutum ya bude ofis ya sa kafet da AC, yace noman shinkafa muke ko kiwon kaji ko kirifto, ya ja aya ya ja hadisi, wata uku yana biya a na hudu wayarsa a kashe. In da mutane sun san cewa kamfani mai rajista akwai asusun da ke bayansa, mara rajista kuwa babu, da kafin kowa ya mika kudi zai ce nuna min sunanka a jerin SEC. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da bata gaza miliyan 20 ba ko daurin shekara 10 ga masu irin wannan damfara, madalla, sai dai daurin barawo baya mayar wa bazawara kudin gadon marayunta.

Don haka ina rokon SEC ta fito da bakinta, da Hausa, a Rediyon Tarayya Kaduna da sauran tashoshin da muke ji, ta fada mana nawa ne iyakar diyya a yau, wane takardu ake kaiwa, kuma ina ake kaiwa. A daga adadin kamar yadda NDIC tayi. A kuma saukaka wa magada, don da yawan masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya, matansu da 'ya'yansu ne ke rike da takardun basu san amfaninsu ba. 'Yan majalisarmu na Zazzau ma wannan aikinsu ne su tada maganar a zaure.

'Yan uwa masu shiya kuma dan Allah kar a bar takardu a karkashin katifa shekara goma ba a leka ba. A nemi sitetimen na CSCS a ga ko kayan na nan, a cika fom din da zai sa kudin sayarwa da na ribar shekara su fado akawun dinka kai tsaye ba ta hannun dillali ba. Da Baba ya samu wanda ya gaya masa wannan kadai da an gano barnar da wuri.

Ni dai na karbi jakar nan a hannun Inna, na yi fotokwafin duk rasit din, kuma in Allah ya yarda zan hau mota in kai su ofishin SEC na Kano in ji abinda zasu ce. Ina rokonka Edita ka tura wakilinka shi ma ya yi musu wadannan tambayoyin ku buga mana amsar.

Na gode, Allah ya kara daukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wadan Zariya