Rahoton Ayyukan Shekarar 1446 Daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan fara da kuɗin wata na ƙungiyarmu ta ɗalibai, tunda shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Riyal 10 ne kacal, bai kai kuɗin farantin kabsa ba, amma fiye da rabin sunayen da ke littafin ma'aji ana bin su bashi. Ranar da mukafa'a, wato kuɗin tallafin ɗalibai, ta shiga asusu, ranar ce wayoyin wasu ke mutuwa. Ni da ma'aji mun gaji da bin ɗakuna kamar masu bara.

An yi taron wata-wata, ban da na Ramadan da na Zulhajji da aka ɗage saboda hidimar baƙi.

Abin da ya wanke mu bana shi ne bitar watan Rajab kan zanen kwararar bayanai, wato zanen da ke nuna yadda bayanai ke shiga da fita a cikin wani tsari, a istirahar (gidan haya na taro) da muka kama ta wajen Ƙuba a nan Madina. Tun bayan La'asar aka zauna, ba a tashi ba sai bayan Isha'i. Yayanmu mai karatun digiri na biyu, Allah ya saka masa, bai fara da littafi ba. Cewa ya yi kowa ya tuna yadda yake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi ta manhajar Nusuk, a zana shi yadda muke hasashensa. Aka fara da zanen gaba ɗaya: da'ira guda a tsakiya ita ce tsarin dukansa, maziyarci a gefe, kibiyar buƙata ta shiga, kibiyar izini ta fito, babu ma'ajiyar bayanai ko ɗaya. Daga nan aka fasa da'irar zuwa mataki na 1, ayyuka suka bayyana: tantance mai nema, duba gurbi, ba da izini. Ya nace cewa duk kibiyar da ta shiga ko ta fita a zanen gaba ɗaya dole a same ta a na mataki na 1, in ba haka ba zanen bai daidaita ba.

Gardama ta kaure kan zanen manufa da na zahiri. Na farko abin da ake yi kawai yake nunawa. Na biyu ya shigo da waya, da lambar da ake haskawa, da jami'in da ke bakin ƙofa. 'Yan shekarar farko suka kuma gano dalilin da ya sa wani malami ke zana aiki da da'ira, wani da akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi: na farko salon Yourdon da DeMarco ne, na biyu na Gane da Sarson, duka tun shekarun 1970. Da ya zo kan aikin da bayanai ke shiga ba abin da ke fitowa, wanda ake kira baƙin rami, wani daga baya ya ce ai wannan zauren WhatsApp ɗinmu ne. An yi dariya, ni dai ban yi ba.

Manhajar rajistar mambobi ba ta kammalu ba, kuma na ji ƙananan maganganu. Zanenta ya kai mataki na 1, yana hannuna, mai so ya zo ya gani. Wanda ya ɗauki rubuta ta ya gama karatu ya koma gida, na yi cigiyar mai karɓa sau uku, shiru. Ɗan littafin bitar da muka yi alkawarin bugawa da Hausa shi ma yana kwamfuta. Kuɗinsa ne ya tafi hayar istiraha da shayi, da amincewar waɗanda suka halarci taron ranar.

Zaɓe yana taron Muharram. Ma'aji zai zauna bakin ƙofa da littafinsa, wanda bai biya ba ba zai kaɗa ƙuri'a ba. Kujerar sakatare kuma a nemi wani, ni na sauka.