Yaya, Ga Yadda Ake Ɗora Ragar Awo a Kan Hoto

Manchesta, Ingila.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka isar da gaisuwata ga Baba da Umma, ka shaida musu ina nan ƙalau.

Dalilin wannan takarda shi ne kukan da ka yi mini a waya, cewa ɗalibanka sun iya saka ɗigo a takardar giraf amma har yau ba su ga amfanin yin hakan ba. A makarantar da nake samun horon koyarwa an nuna mana wata dabara a manhajar GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara ƙirƙira a 2001 a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Kyauta ce, kuma idan ka sauke ta a kwamfuta tana aiki ko babu intanet.

Na gwada da hoton zauren gidanmu da ka turo mini da Sallah. Idan aka shigar da hoto, manhajar tana ɗaure kusurwoyinsa biyu na ƙasa da ɗigo biyu, A da B, waɗanda za ka ja ko ka rubuta musu lambobi har hoton ya zauna inda kake so. Da farko hoton yakan rufe layukan ragar giraf ɗin, don haka sai ka shiga saitinsa ka mayar da shi baya, ka rage masa kaurin launi, nan take ragar ta fito a kansa gida-gida kamar ta dara. Na daidaita layin y, wato na tsaye, ya ratsa tsakiyar ƙofa, layin x kuma, na kwance, ya kwanta a kan dokin ƙofar. Sai ga zankon hagu da na dama sun faɗa tsayi ɗaya, nisa ɗaya daga tsakiya, ɗaya da alamar ragi, ɗaya babu. Wallahi na daɗe ina kallon aikin maginin nan, wanda ya yi wannan daidaito da igiya da ido kawai.

Abu biyu za ka kiyaye. Ka tsaya daidai gaban gini lokacin ɗaukar hoto, domin hoton da aka ɗauka ta gefe yana karkatar da awo, kuma ka bar ma'aunin x da y ɗaya bisa ɗaya, in ba haka ba da'ira za ta koma kamar ƙwai. Idan kana son lambobin su zama mita na gaske, ka auna faɗin ƙofar da tef, ka ja hoton har ya dace da ragar.

Shawarata ita ce ka sa yaran su ɗauko hotunan da kansu, ko na zanen bangon Gidan Makama ko na Ƙofar Nasarawa. Ka turo mini awon ƙofar zauren, zan shirya maka darasin farko kafin a koma hutu.

Wassalam,
Ƙaninka.