Rahoton Ayyukan Shekarar 2020 na Ƙungiyar Iyaye da Malamai, Daga Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena maza da mata, malamanmu, 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin sabuwar shekara. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a cikinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Tun a Disamba ya kamata rahoton nan ya iso gare ku. Ni na riƙe shi, ina jiran masu cewa "sai ƙarshen wata" su cika alkawari, don ni da Ma'aji mu rufe littafi ba tare da jan biro a gaban sunan kowa ba. Wata ya ƙare, wani ya kama, shiru. To ga abin yadda yake.

Babban taro sau ɗaya muka yi, a Fabrairu. Kwamiti ya zauna sau biyar, biyu daga ciki ta waya.

Waɗanda suka zo taron Fabrairu sun san abin da muka tsara: rufin ajin da iska ta yaye, sola a ɗakin kwamfuta, da tankin ruwa. Ranar 27 ga watan aka samu mutum na farko mai korona a Legas, muka ɗauka abin nesa ne. Sai ga shi ranar 24 ga Maris an sanar cewa Gwamnan Bauchi Bala Mohammed da kansa ya kamu, a daidai lokacin da ake ta rufe makarantu a faɗin ƙasar. Yaranmu suka dawo gida zango na biyu bai ƙare ba, ba jarrabawa, ba sakamako. Yawancinsu ba su sake ganin aji ba sai Oktoba.

Zan fara da maganar Zoom, manhajar taro ta bidiyo da muka gwada koyar da yara da ita suna gida, domin ta dawo kunnena cewa kwamiti ya zubar da kuɗi a kai. Mako biyu kacal muka gwada, da 'yan SS3 kaɗai, kuma abin da ya fita daga asusu kuɗin data ne na malamai biyu. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa ya yanke. Kafin yara su gama shiga, kafin a gama "Malam ba ma jin ka", rabin lokacin ya tafi. Gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida, da ita yake fita kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal tun safe. Inda wayar take gida, ba caji. Inda akwai caji, ba data. Muka ga ba za ta kai mu ba, muka tsayar. Da ba mu gwada ba, da yau waɗannan masu maganar ne za su ce wasu makarantu sun yi, mu mun naɗe hannu.

Daga nan muka koma WhatsApp. Malamin Lissafi yana da ɗan allo a tsakar gidansa. Ya rubuta misali uku, ya ɗauki hoto, ya bi shi da saƙon murya na 'yan mintoci, Turanci da Hausa a haɗe. Bai cin data sosai, kuma yana nan jiran yaro har maigida ya dawo bayan isha'i. Masu ƙaramar waya kuwa a wurin mai caji ake zuba musu a memori. Abin da ya ɓata mana rai shi ne yadda aka mayar da zauren darasi wurin tura maganin korona da hotunan barka da Juma'a, har darasin ranar ya nutse sai an yi ta lalube. Dole muka kulle zauren, malamai kaɗai ke iya turawa. Wasu suka ji haushi suka fice. Ina ba su haƙuri, amma zauren na yara ne.

Abin da ya fi kowanne amfani dai takarda ce. Kowane mako malamai su shirya aikin Lissafi da Turanci, a yi fotokofi, a ajiye a shagunan mambobinmu uku, a Kobi, Jahun da Nasarawa. Yaro ya ɗauka Litinin, ya mayar Alhamis, malami ya yi maki ya rubuta masa gyara a gefe. Na ga takardun nan da idona, wasu da tabon manja, wasu an naɗe su har sun kusa yagewa, amma an cike su. Yaron da gidansu ba waya ko ɗaya, ta nan ya samu rabonsa.

Ga rediyo kuma. Darussan da aka riƙa sakawa sun yi kyau, sai dai ɗan firamare ba ya zama gaban rediyo shi kaɗai ya fahimci kasafi. A nan 'ya'yanmu na jami'a suka fitar da mu kunya. Yajin aikin ASUU ya zaunar da su gida tun Maris har 23 ga Disamba, sai wasu 'yan jami'ar ATBU da ta Gadau, 'ya'yan mambobi, suka riƙa tara yara biyar-biyar ko shida-shida a gindin bishiya ko a zaure, tabarma nesa da tabarma, a saurara tare, a kashe rediyo su sake bayani. Da azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, ga zafin Bauchi na lokacin, suka mayar da bitar da sassafe. Ko kuɗin ruwan leda ba mu ba su ba.

Ban ce duk yara sun amfana ba. Da damina ta sauka wasu gona ta ɗauke su, wasu gareji, 'yan mata da dama talla. Da aka buɗe makaranta akwai kujerun da suka zauna ba kowa. Hajiya Shugabar Mata da ƙawayenta sun bi gida-gida, an dawo da wasu, saura ana kan magana da iyayensu.

Yanzu ga abin da ya faranta mini rai a shekarar gaba ɗaya. WAEC da aka shirya farawa a Afrilu aka ɗage ta. A Yuli har Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su rubuta ba, hankalin kowa ya tashi. Daga baya aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma daga 4 ga Agusta, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, jarrabawa kuma 17 ga wata, Lissafi ne ma farko. Yaran da suka yi wata huɗu ba su zauna sun yi rubutun awa biyu a jere ba, aka ba su abin da bai kai mako biyu ba. Shugaban makaranta ya kira mu da daddare ya ce, "Malam Sakatare, yaran nan hannunsu ya yi sanyi, a yi musu gwaji kafin ranar." Cikin kwana uku aka haɗa komai.

Iyayenmu mata masu keken ɗinki suka kwana biyu suna ɗinka takunkumi da ƙyallen atamfa, kowane yaro biyu. Wani mamba kafinta ya zo da gudumarsa ya ɗaure bencinan da suka saki, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka sayi bokitai masu famfo da sabulu aka jera a bakin ƙofa. Ranar Asabar ɗin tun bayan asuba muna wurin, muna auna tazara tsakanin benci da benci da igiya, muna shata wa da alli. Azuzuwa ba su ɗauke su ba saboda tazarar, sai muka fitar da rabi ƙarƙashin dogon yaro. Ana cikin takarda ta biyu hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara ɗaga takardu. Iyaye mazan da ke tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya ce musu komai, suka shigo, kowa ya kama kan benci, kafin ruwa ya sauko an mayar da yaran baranda da ɗakin kwamfuta, ba wanda ya ajiye biro. Akwai wani dattijo cikinmu da ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe takardun da aka riga aka tattara. Da aka tashi, ga tukunyar shinkafa da wake daga gidan Hajiya, ga kunun zaƙi.

Malamai suka kwana suna maki, ranar Litinin kowane yaro ya karɓi takardarsa, aka zauna da shi a kan inda ya yi tuntuɓe. Wata yarinya ta ce wa malaminta da ta shiga ɗakin WAEC gabanta bai faɗi ba, don ta riga ta sha irinsa. Sakamako ya fito a farkon Nuwamba. Shugaban makaranta ne zai karanta shi a taro, amma iyayen da suka riƙa kira na suna godiya sun san abin da suka gani. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri.

Sai maganar da ba na son yi, kuma ba makawa. Waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya cikakke a 2020 ba su kai rabinmu ba. Wasu na Fabrairu ne na ƙarshe da suka bayar. Na san shekarar ta yi wa kowa nauyi, kasuwa ta tsaya, an hana tafiya tsakanin jihohi, kaya sun yi tsada. Wanda ya zo ya ce mini ba shi da hali, wallahi ban sake tuna masa ba. Damuwata mai halin ne, wanda zan je shagonsa sau uku a kan babur ɗina da man aljihuna, ya ce in dawo, washegari kuma in ga saƙonsa a zaure yana tambayar ina sola. Wasu cewa suka yi tunda makaranta a rufe take, kuɗin me za su biya? To takardar da ɗanka ya riƙa ɗaukowa daga Kobi kowace Litinin, da me aka buga ta?

Sola ba a sa ba, kuma ga dalili. Abin da muka fara tarawa dominta shi muka karkatar zuwa fotokofi da gwajin Agusta, da amincewar kwamiti, an kuma rubuta a littafin zama. Ɗakin kwamfutar da ke kulle wata shida ba shi ne ya fi buƙata a lokacin ba, kuma ko gobe aka dawo da ni wurin, haka zan ba da shawara. Rufin aji an yi rabi, kuɗin kwano ya tashi, mai aiki ya tsaya. Tankin ruwa an gina masa mazauni, tankin ne ba a saya ba, shi ya sa har yanzu yara ke cika bokitai da jarka. Duk rasit yana hannun Ma'aji, mai son gani ƙofa a buɗe take.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne bashin malamai uku da ƙungiya ke biya alawus. Suna bin mu wata huɗu. Cikinsu har da malamin Lissafin nan mai allo a tsakar gida, wanda bai fasa tura darasi ko mako ɗaya ba, da datar da yake saya da kansa bayan tamu ta ƙare. Idan mun haɗu a masallaci nauyin haɗa ido da shi nake ji. Duk abin da ya fara shigowa, nasu ne kafin kwano, kafin tanki.

Gwamnatin Tarayya ta tsayar da 18 ga Janairu don komawa makaranta, ga shi kuma ana ta sanar da ƙaruwar masu kamuwa. Idan aka sake rufewa, a yau asusunmu ba zai buga takardar mako biyu ba. Don haka zan kawo wa babban taro buƙata biyu: kowane aji ya fitar da uba ɗaya da uwa ɗaya masu karɓar kuɗin ajinsu, domin mutum ɗaya ba zai ci gaba da zagaye gari ba, sannan a ware wani abu da ba za a taɓa ba sai don fotokofi. Ranar taron za ta zo muku a zaure da kuma ta hannun yara. Kafin nan, ni da Ma'aji muna ofishin ƙungiya kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar, da littafin rasit. Wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba ya kawo abin da ya samu, za a rubuta masa.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya
Bauchi, Janairu 2021