Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hajiya Amina Mohammed: Shirun Mata Ba Zaman Lafiya Ba Ne

Zuwa ga Mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ke na zaɓa in rubuto wa domin da hannunki aka tsara muradun ci gaba mai ɗorewa da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015. A ƙarƙashin muradi na 16 akwai ma'auni biyu da ba kasafai ake jin su a labarai ba. Ɗaya yana tambayar mutum nawa ne ke tafiya su kaɗai da dare a unguwarsu hankali kwance. Ɗayan kuma, cikin waɗanda aka ci zarafinsu, nawa ne suka kai ƙara gaban hukuma. A ganina, Hajiya, tambaya ɗaya ce aka tsaga gida biyu.

Wani dare ni da ƙanina muka taso daga wuri ɗaya, tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba. Shi yana latsa waya yana dariya shi kaɗai. Ni kuwa na lura da fitilar da ta mutu a kwana, da mutumin da ya jingina da mota, da wani da ya tsallako titi ya biyo sawunmu, har na matse makulli a tafin hannu ban ma san na yi ba. Da muka shiga gida na tambaye shi me ya gani a hanya. Ya ce, "Me fa? Ke dai Yaya kin cika tsoro."

Ba ni kaɗai ba ce matsoraciyar. A binciken da cibiyar Gallup ta yi a faɗin duniya a 2024, kashi 78 cikin ɗari na maza suka ce ba sa fargabar tafiya su kaɗai da dare, mata kuwa kashi 67. Maza da yawa idan suka ji haka sai su ce ai mu aka fi kashewa. Gaskiya suka faɗa, kusan huɗu cikin kowane mutum biyar da ake yi wa kisan gilla a duniya maza ne. Sai dai namijin da aka tare aka ƙwace masa waya, washegari da bakinsa zai ba da labari, a jajanta masa, babu mai tambayarsa wace riga ya sa. Abin da mace ke gudu kuwa, in ya same ta, ba ya ƙarewa a daren. Tana tsoron abin, tana kuma tsoron ranar da mutane za su ji.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, titin da muke tsoro ba shi ne wurin da ya fi haɗari ba. Alƙaluman Majalisarku sun nuna cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan, kuma 51,100 daga cikinsu a hannun miji ko saurayi ko ɗan uwa suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, akasari daga abokin zamanta. Duniya ta ga shari'ar Gisèle Pelicot a Faransa a 2024: mijinta na shekaru da dama ne yake zuba mata ƙwaya ta yi barci, ya gayyato maza cikin ɗakinta. Mutum 51 aka samu da laifi. Ba lungu ta bi ba, ba dare ta yi a waje ba. To idan shawararmu ga 'ya'ya mata ita ce "ki zauna a gida", wasunsu bakin kura muke mayar da su.

Yanzu ga tambaya ta biyu. Na taɓa raka wata ƙawata ofishin 'yan sanda kwana biyu bayan an yi mata fyaɗe. Mun tsaya a gaban kantar ofishin, mutane cike, ga masu rigimar bashi, ga wanda aka kamo da sata. Jami'in ya ɗaga murya ya ce ta maimaita, bai ji ba. Ta maimaita. Ya tambaye ta me ya kai ta ɗakin, ko ta san shi tun da, me ya sa ba ta yi ihu ba, me ya hana ta zuwa tun shekaranjiya. Wani da ke zaune a benci ya yi ƙasa da murya ya ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta ja hannuna ta ce, "Mu tafi, na bar shi da Allah." A rajistar wannan ofishin babu abin da ya faru a ranar.

Irinta sun fi yawa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na matan da aka ci zarafinsu ne ke neman taimako ko na wane iri, kuma cikin masu neman taimakon, waɗanda ke zuwa wurin 'yan sanda ba su kai kashi 10 ba. Ko a Ingila da Wales, inda ake da kuɗi da kotuna, waɗanda ke kai ƙara ba su kai ɗaya cikin shida ba. Ita kuwa tambayar nan ta "me ya sa ba ki yi ihu ba", likitoci sun daɗe da amsa ta. Wani bincike da aka wallafa a Suwidin a 2017 ya gano cewa kashi 70 cikin ɗari na matan da suka je asibiti bayan fyaɗe, jikinsu sandarewa ya yi a lokacin, ba motsi ba murya. Haka tsoro yake yi wa jiki, amma har yau a kan ɗauki wannan sandarewar a matsayin yarda.

Kada kuma a manta da 'ya'ya maza. UNICEF ta ce a 2024 mata sama da miliyan 370 da ke raye an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu kafin su kai shekara 18, maza kuma tsakanin miliyan 240 zuwa 310. Yaron da aka rene shi a kan cewa namiji ba ya tsoro, ba ya kuka, wa zai tunkara da wannan magana? Ƙanina da ya yi mini dariya, ban sani ba ko da abin ya same shi zai iya faɗa mini.

Ga inda nake neman ki sa baki, ranki ya daɗe. Gwamnatoci suna jin kunyar lambar fyaɗe idan ta hau, suna alfahari idan ta sauka. An sha nuna Suwidin da yatsa saboda yawan rahoton fyaɗe, alhali dokarta ta faɗaɗa ma'anar laifin, ana ƙirga kowane karo daban, mata kuma sun fi yarda su yi magana. Ƙasar da rajistarta ta yi fari fat, mai yiwuwa ba aminci gare ta ba, kantar 'yan sanda gare ta irin wadda muka tsaya a gabanta. Muddin shugaban 'yan sanda ya san ƙaramar lamba ce za ta jawo masa yabo, yaransa za su ci gaba da cewa "ku je ku sasanta". Ina roƙon idan ƙasashe suka zo gabanku da rahoton ci gabansu, ku daina karɓar adadin ƙararraki shi kaɗai. Ku nemi binciken gida-gida da mata suka yi wa mata tambaya a keɓe, a ajiye shi kusa da rajistar, a ga tazarar da ke tsakani. A kan wannan tazarar ya kamata a yaba wa ƙasa ko a tuhume ta.

Sai batun asibiti, wanda ba ya jiran kotu. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar. Duk inda ma'aikacin lafiya zai ce sai an kawo takardar 'yan sanda kafin ya taɓa mace, waɗannan awoyin ne yake ƙonawa. Haka gwajin budurci, da hukumominku suka nemi a daina tun 2018 domin ba shi da tushe a likitanci, a wasu wurare har yanzu da shi ake tarbar wadda ta yi ƙarfin halin zuwa. Tun 1985 Brazil ta buɗe ofishin 'yan sanda na mata zalla a São Paulo. Ɗaki mai ƙofa da jami'ar da aka koya wa saurare ba su fi ƙarfin kowace gwamnati ba.

Ita ƙawata daga baya na samu na lallaɓa ta muka je asibiti. A kwana na huɗu ne.

Na gode da saurare. Allah ya yi miki jagora.

Taki,
Wata 'yar uwa.