Zuwa ga Yaya, kan zaman ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga Ingila. Ya gida, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya.

Na ji saƙonka cewa tun da santsi ya kwashe ta a banɗaki ko tsakar gida ba ta fita, har ruwan alwala ɗaki ake kai mata. Don Allah kada a biye mata da sunan tausayi. Tsoho in ya yi mako biyu a kwance, naman cinyarsa saki yake yi, ranar da ya miƙe kuwa ya fi da saurin faɗuwa.

A samo kujerar katako mai ƙarfi, ban da ta roba, a jingina ta da bango. Ta tashi ta zauna sau 5, safe da yamma, ana ƙarawa har 10. Sannan ta dafa bango ta ɗaga dugaduganta sau 10. Bayan la'asar ta taka zuwa zaure ta dawo. Mai rakiya ya tsaya a gefenta, kada ya ja ta da hannu, jan ne ke karkatar da mutum. Sandar dogarawa kuma tsawonta ya kai mata wuyan hannu in tana tsaye, ta riƙe ta a ɓangaren ƙafar da ta fi lafiya.

Ku gwada ta: ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita 3, ta dawo ta zauna. In ta kai sakan 12 kafin ta gama, a kai ta sashen gashin ƙashi na asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala. Ku tafi da duk magungunanta a leda. Na hawan jini kan sa jiri in an miƙe da sauri, amma likita ne zai sauya shi, ba mu ba. Kafin nan, in ta farka ta zauna bakin gado minti guda tukuna. A duba idonta ma, ko yanar ido ce.

Banɗakin nan mai tayil shi ya fi damuna. A kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa mata kujerar alwala. A naɗe dardumar ƙofar ɗaki, a jefar da tsofaffin silifas ɗin nan, a ɗage mata zani sama da idon sawu. Tocila ta riƙa kwana kusa da matashinta saboda ɗauke wuta lokacin asuba.

Kuɗin walda zan turo ranar Juma'a insha Allahu. A gaida Hajiya, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarka.