Kafin Ka Biya Kuɗin Fawa Bank, Juya Bayansa Ka Karanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin jan hankalin masu sayen sababbin wayoyi kan wata asara da ake tafkawa kullum a kasuwannin waya. Mutum zai tara kuɗi ya sayi wayar da ke cika cikin sa'a guda, ya haɗa ta da fawa bank ɗin da sai ya yi sa'a uku bai cika ta ba, daga nan ya shiga zargin wayar ko mai shago. Sau da yawa ba wanda ya cuce shi, lambar da ya duba ce ba ita ke nuna sauri ba.

Ƙatuwar lambar da ke gaban kwali, 10,000mAh ko 20,000mAh, yawan wutar da ke ajiye take faɗa. Ko ita ɗin ma ba duka ke shiga waya ba. Batirin ciki a kan bolt 3.7 yake aiki, sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5 ko 9 kafin ta fita, waya kuma ta sake sauke ta, kuma kowane mataki yana cinye wani kaso ya mayar da shi zafi. Abin da ke isa bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Wayar da batirinta 5,000mAh ne, fawa bank mai 10,000 zai cika ta sau ɗaya da ɗan ragowa, mai 20,000 kuma kamar sau biyu da rabi.

Sauri yana can baya, cikin ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kalmar Output. Ka ninka lambar V (bolt) da lambar A (yawan wutar da ke gudana), ka sami wat, wato ma'aunin saurin caji: 5V da 2A wat 10 ke nan, 9V da 2A wat 18. Idan 5V kaɗai ka gani a layin, wannan ba mai saurin caji ba ne, ko me aka zana a kwali.

Wat kaɗai kuma bai wadatar ba, nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa. Da zarar ka jona, waya da fawa bank ciniki suke yi: ita ta faɗi abin da take so, shi ya faɗi abin da yake da shi. In ba su daidaita ba, sai a koma cajin gama-gari na bolt 5. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne PD, wanda ke fita ta ƙaramin bakin USB-C. Da shi iPhone ke saurin caji tun daga iPhone 8, kuma mai wat 20 yana kai yawancinsu wajen rabin batir cikin minti 30. Wayoyin Samsung masu wat 25 da 45 suna neman ƙari a kan PD, wato PPS. In babu waɗannan haruffa uku a bayan fawa bank, ko an rubuta wat 65, wayar za ta tsaya wajen wat 15. Sai kuma Oppo, Xiaomi da wasu wayoyin Tecno da Infinix, waɗanda babban saurinsu na tsarin kamfaninsu ne, da cajarsu da igiyarsu. Irin waɗannan, idan an haɗa su da fawa bank na wani kamfani, galibi tsakanin wat 10 da 18 suke karɓa, don haka kashe kuɗi a kan mai wat 100 saboda su ɓarna ce. Ka duba rubutun jikin cajar da ta zo da wayarka, ko shafin kamfanin a intanet, ka san tsarin da take ji kafin ka fita kasuwa.

A kula da lambar 22.5W da ta cika shaguna. Wannan saurin ta babban bakin USB-A yake fita, kuma da tsarin da Huawei ya ƙirƙiro, ba kowace waya ke gane shi ba. Mai iPhone ko Samsung abin da ya shafe shi shi ne layin USB-C, wanda a irin waɗannan yawanci wat 20 ne. Haka nan idan ka jona waya biyu lokaci guda, da yawansu suna sauke komai zuwa bolt 5, su raba wat 15 tsakanin wayoyin.

Igiya ma tana da nata. PD ba ya bi ta igiyar da kanta ɗaya babba ne, sai mai USB-C a kai biyun, ko kuma ga iPhone 8 zuwa 14, mai USB-C a kai ɗaya da bakin iPhone (Lightning) a ɗayan. Ta gama-gari tana ɗaukar 3A, wato har wat 60. Yawancin wayoyin Samsung masu wat 45 sai da igiya mai 5A, wadda ke da ɗan guntun na'ura a kanta da ke shaida wa caja ƙarfinta. Siririyar igiyar bakin titi kuwa, ita ke ɗumama tana cinye wutar a hanya.

Abin da muka fi so a duba, kuma shi aka fi mantawa, shi ne layin Input, wato saurin da fawa bank ɗin kansa ke cika. A inda ake kawo wuta ta sa'a uku a ɗauke, wannan ya fi komai. Mai 20,000mAh yana ɗauke da 74Wh, wato wutar da za ta ba da wat 74 na sa'a guda. In wat 10 yake karɓa, sai ya kwana a soket, sa'a takwas ko tara. In yana karɓar wat 18 zuwa 20, sa'a biyar ta isa. Mai wat 30 zuwa sama yana cika kafin a kashe janareta, muddin kan cajarka ma ya kai wannan ƙarfin.

Jabu kuwa, hannu ke fara gane shi. Mai 10,000 na gaskiya yana kai wajen giram 200, mai 20,000 wajen giram 400. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi wayarka nauyi ba, ƙarya ce. Ɗan faifan sola na bayan wasu ma bai wuce wat ɗaya ko biyu ba, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, ga shi zafin yana kashe batirin. Batirin litiyom ba ya son caji a zafin da ya haura digiri 45, kuma a watan Afrilu motar da aka rufe a rana a Sakkwato ko Maiduguri tana wuce haka nesa ba kusa ba. Kada a bar shi a gaban gilashin mota, kada a tura shi ƙarƙashin matashin kai yana caji. Da ya fara kumbura ko yana wari, a daina amfani da shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wa shara wuta.

Alhazai da 'yan kasuwa masu hawa jirgi su sani ba a sa fawa bank a jakar awo, sai ta hannu, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, kimanin 27,000mAh. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙwace shi a filin jirgi. Tun ƙarshen Yunin 2025, jiragen cikin gida na ƙasar Sin ba sa karɓar wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar inganci ta ƙasar, kamfanin Emirates kuma ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga Oktoban 2025.

A ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu masu shaguna su riƙa barin mai saye ya gwada kafin ya biya, su kuma ajiye ɗan ma'aunin USB mai nuna bolt da wat. Kai mai saye, ka je da wayarka cajinta ƙasa da kashi 40, domin waya tana rage jan wuta idan ta kusa cika. Ka jona da igiyar da za ka riƙa amfani da ita, ka ga ko allon ya nuna alamar saurin caji, ka jira minti biyar ka taɓa jikinsa ka ji zafi, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran waya,
Kano.