Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa: A Riga Mai Igiya Isa Bayan Gari

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da takwarorinka na sauran jihohin Arewa 18, na rubuto ne a kan yadda biranenmu ke faɗaɗa ba tsari, a daidai lokacin da ruwan sama da zafin rana suka sauya hali. Ban aika wa Abuja wannan wasiƙa ba, saboda makullin maganar a hannunku yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filin kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Gwamnatin tarayya ta je taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 ta yi alkawarin kawo ƙarshen ƙarin hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2060, ta kuma sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a shekarar. Duk da haka, wanda zai ce a gina nan, kada a gina can, gwamna ne.

Ranka ya daɗe, ka san yadda sabuwar unguwa ke tashi a Kano, Kaduna, Gombe ko Sakkwato. Magada sun sayar da gona a bakin gari. Dillali ya zo da igiya da turaku, da rani, ƙasa ta bushe ƙayau. Ya yanka ta fuloti-fuloti, ya bar lungun da ko Adaidaita Sahu biyu ba za su gitta juna ba, domin kowane taku da ya bari kuɗi ne ya rasa. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar lambatu. Kwarin da ruwa ke kwanciya duk damina, wanda tsofaffin wurin suka sani sarai, shi ma ya auna shi ya sayar da rahusa ga mai ƙaramin ƙarfi da ya gaji da haya. Mutumin nan ya tara bulo ɗaya-ɗaya, ya rufa kwano, ya tare da iyalinsa. Sai wani daren Agusta ruwa ya dawo hanyarsa. Da safe katifa na shanye a kan katanga, masai ya tumbatsa ya haɗu da rijiya, bayan mako guda amai da gudawa sun shigo unguwa. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi ake gina babban kaso na biranenmu a yau.

Ba na ganin laifin mai sayen. Mutum dole ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma filin gwamnati mai takardar mallaka ya fi ƙarfin yawancin jama'a, a kuɗi da kuma zirga-zirgar ofis. 'Yan Najeriya sun haura miliyan 200, fiye da rabinsu a birane suke, ga na ƙauye da matsalar tsaro da ƙarancin amfanin gona ke korowa kullum. Jama'a za su ci gaba da zuwa, ko an shirya musu ko ba a shirya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hukuma ba ta isa wurin sai bayan shekara goma, ta zo da jan fenti da katafila. Rusau ya fi tsari tsada, ga haƙƙin bayin Allah da ke rataye a wuyan shugaba.

Ruwan kuwa ba wasa yake yi ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe sama da 600. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, ruwa ya shiga Maiduguri har fadar Shehu da asibitin koyarwa da Kasuwar Monday, ya rusa katangar gidan yari. A ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta kwana da gawarwaki fiye da 150. Mun yarda da ƙaddara, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar sa ido kan ruwa ta NIHSA na lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari da sunayensu. Wanda aka gaya wa tun Fabrairu ko Afrilu, bai kamata ya tsaya sai Satumba ya zo da buhun shinkafa da tabarma ba.

Roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne kowace jiha ta riga mai igiya isa bayan gari. Habasha ta gwada haka tun daga 2013 a garuruwa irin su Hawassa da Adama da Mekelle da Bahir Dar: aka ƙiyasta inda gari zai kai nan da shekara 30, aka shata manyan tituna masu faɗin mita 30 da tazarar kusan kilomita ɗaya tsakaninsu tun wurin yana gona, aka biya manoma diyyar abin da hanya ta ci kawai. Ba sai an zuba kwalta yau ba. A kafa turaku, a dasa itatuwa a gefen layin, kowa ya san nan hanya ce, nan magudanar ruwa ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jihohinmu da dama sun riga sun kafa hukumomin taswirar filaye irin su KADGIS da KANGIS; a sa su wannan aiki, kada su ƙare a karɓar harajin fili kawai. A jawo dagatai da masu unguwanni da su kansu dillalan cikin tsarin, domin ba fulotin da ake sayarwa ba da saninsu ba.

Sai kududdufai da fadamu. Magabatanmu sun haƙi ƙasar gini sun bar ramuka a cikin birni, su ne suke shanye ruwan damina kafin ya shiga gidaje. Yau ana cike su da bola a gina shaguna, ana kuma mamakin titi ya zama kogi. A yi rajistar waɗanda suka rage, a haramta ba da su ga kowa, komai girmansa. Na ce komai girmansa ne da gangan, domin talaka ba ya iya cike kududdufi. Mai tifa da takarda ke yi.

Zafi kuma ba ya rushe katanga, shi ya sa ba a ƙirga gawarsa. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma yankinmu ɗaya da su. Ka shiga ɗakin kwano marar silin a Maiduguri ko Yola da azahar a watan Afrilu, ba wuta ba fanka, ka ga halin da tsoho da jariri ke ciki. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa, ya fito da tsari a 2013: gargaɗi tun kafin ranar, ruwan sha a wuraren taruwar jama'a, shirya asibitoci, daga baya har da shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin jiha. Mu kuwa duk aikin faɗaɗa titi, darbejiyar da ta shekara 40 ita ake fara sarewa, a dasa 'yan tsirrai ranar biki a gaban kyamara, awaki su cinye kafin mako. A sa dashen itace da ban ruwansa na shekara uku a cikin kwangilar kowane titi, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai sun rayu.

Na san za a ce kuɗi. Tun 1981 akwai Asusun Kula da Muhalli da jihohi ke samun kasonsu daga ciki, ga shirin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi na ACReSAL mai dala miliyan 700 daga Bankin Duniya wanda aka yi musamman domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ga ƙarin kason wata-wata tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Gadar sama ɗaya a tsakiyar gari tana cin abin da zai shata hanyoyin unguwanni masu yawa ya kuma yashe manyan magudanai.

Don haka ina roƙonka, Mai girma Gwamna, ka sa wannan magana a ajandar taronku na gaba a Kaduna. Kowace jiha ta wallafa abin da ta karɓa na muhalli da inda ta kashe shi, ta kuma fitar da taswirar wuraren da ruwa ke bi a babban birninta, a liƙa a ƙofar kowane mai unguwa, a karanta a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Nufanci da sauran harsunanmu, tun kafin ruwan farko ya sauka.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke amanar da ke kanku.

Wassalam,
Wani ɗan Arewa mai kishin biranenmu.